Rabin Burodin da Baba Ya Ajiye Maka a Kan Dutse

Zuwa ga yayana Lawali, a Aubervilliers ko duk inda wannan ta same ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kana cikin rufin asiri, sanyin Paris kuma bai taɓa ƙirjin nan naka mai saurin kama tari ba. Mu nan Vaulx-en-Velin, a gefen Lyon, mun gode Allah. Haka ake buɗe wasiƙa, na kuma buɗe. Amma ba lafiya muke ba, Yaya.

Ni ce Rabi, ƙanwarka. Na san ranka zai ɓaci ka ga maganar gidanmu a fili inda kowa ke karantawa. Ni ma ba da son raina ba. Lambarka ta daina shiga tun bara. Na aika saƙo ta bakin ƴan Damagaram da ke ɗaukar kaya a manyan shagunan unguwarku, kowa sai ya ce ai kwanan nan ya gan ka, amma ba wanda ya ce ga ƙofarka. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Duk wanda ya karanta wannan ya kuma san inda kake kwana, na haɗa shi da Allah ya kai maka.

Baba ya daina cin abinci.

Ka san bayan rasuwar Inna na ɗauko shi daga Clichy-sous-Bois na dawo da shi wurina. Abin da ba ka sani ba shi ne ciwon mantuwa ya kama shi. Da farko makulli ne da hula. Daga baya ya fara yin la'asar sau biyu, ya tsallake magariba. Yanzu wata rana ni Rabi ce, wata rana ni ce Inna, wata rana kuma sai ya gaishe ni da ladabi ya tambaye ni ko masu gidan suna nan. Duk wannan na ɗauka, ban neme ka ba. Na ce mai zuciya a bar shi da zuciyarsa.

Amma tun ƙarshen bazara, in na ajiye masa kwano sai ya buɗe, ya duba, ya mayar da murfi, ya tura shi gefe kaɗan. In na yi magana sai ya ce, "Bari yaron nan ya zo tukuna." Shi ke nan. Shayi yake kurɓa, wani lokaci kunu cokali kaɗan in na yi masa wayo na ce magani ne.

Kai ne yaron nan. Tun da ka yi wayo kwanonku ɗaya da shi, a tabarmar falo, ni da Inna muna kicin. Ba ya sa hannu sai ka wanke naka. Ciwon ya share masa sunan titinmu, ya share masa ranar da aka binne matarsa, amma wannan ya bar masa shi daram.

Kada ka ce ban yi dabara ba. Na zauna na ce mu ci tare, ya kalle ni kamar na zage shi, ya ce yaushe aka fara haka. Maigidana, Malam Isufu, ya wanke hannu ya zauna. Baba ya sunkuyar da kai, ya juya fuska bango. Mutumin da bai san wace shekara muke ciki ba, ya san ba a cin abinci da suruki. Na tura masa jikarsa Ikram, ya yi ta dariya yana cewa amaryarsa ta zo, ya ɗura mata tuwon duka, shi ko loma. Wani dattijo ɗan Cadi da suke masallaci ɗaya ya zo har gida don wannan kawai. Baba ya karɓe shi hannu biyu, ya tura masa kwanon gabansa, ya ce, "Bismillah, Alhaji, ni ina jiran yaro."

Na yi ƙoƙarin bayyana wa dokta, wata mata mai kirki ƙwarai. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce masu wannan ciwo dama sukan ƙi abinci. Na ce ba ƙi yake ba, jira yake. Ta ce ta fahimta, amma ko ƙi ne ko jira, jikinsa ba ya bambancewa. Gaskiyarta. Wandonsa yanzu sai na ɗaure masa da igiya. Agogon da ke kama masa hannu, yau har gwiwar hannu yake zamewa.

Yaya, na san abin da ya shiga tsakaninku. Ban manta ba, ba kuma zan ce maka ƙaramin abu ne ba.

Ka fi ni sanin aikin, amma bari in faɗa yadda idona ya gani. Baba ya ƙare ƙarfinsa a saman gidajen Paris yana rufi da ardwaz, baƙin dutsen nan da ake tsagawa falle-falle, irin allon da muka yi rubutu a kai a lakol. Shi dai allo yake ce masa. Kafin a hau da kowane ɗaya sama, sai ya riƙe shi da yatsu, ya ƙwanƙwasa da guduma, ya kasa kunne. In ya yi amo garau, lafiyayye ne. In ya yi "ɗuf", akwai tsaga a ciki ko da ido bai gani ba, sai a yar. Inna takan yi masa tsiya ta ce ya tsallake teku ya zo yana yin abin da kowace mace ke yi a kasuwar Mirriya in za ta sayi tulu. Shi kuma ya ce to ai da kunne ya zaɓo ta ita ma.

Ka bi shi aikin tun kana saurayi. Ina tuna yadda kuke dawowa da yamma, hannuwanku baƙi ƙirin, kuna musu kan wanda ya fi sauri. Bai taɓa yabonka a gabanka ba. A kicin yake zuwa ya tsaya yana shan ruwa, ya ce wa Inna, "Yaron nan ƙafarsa ta zauna a sama."

Sai ranar da abokin aikinku ya zame daga rufi a gaban idonka. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma bai sake takawa ba. Washegari ka sa ƙafa a tsani, jikinka ya ƙi. Ka gwada, ka sake gwadawa, ya ƙi. Baba kuwa, a gaban ma'aikata duka, ya ce, "Allon da bai yi amo ba, ba a wahalar da tsani a kansa. A ƙasa ake barinsa."

Ba ka ci tuwo a gidan ba ranar, ba ka kuma sake ci ba. Ko da Inna ta rasu ka zo, ka yi sallah, ka karɓi gaisuwa a bakin ƙofa, ka tafi kafin a fito da abinci. Ban ga laifinka ba a lokacin. Magana zarar bunu ce, kuma tasa ta fita da kaifi.

Yanzu ga abin da ya sa na kasa yin shiru.

Wata safiya ya fito daga ɗaki da tsohuwar gudumarsa a hannu, takalmi ƙafa ɗaya, yana faɗa wai an makara, a tafi shantiye, wato wurin aikin gini. Malam Isufu ne ya ce, to me zai hana mu kai shi? Sai na tuna tsohuwar mahaƙar nan ta cikin tsaunuka, gaba da Lyon, inda kuka yi wata bazara kuna gyaran rufin gidajen ƙauye da duwatsun wurin. Ka tuna har ni da Inna kun kai mu sau ɗaya? Inna ta rufe ido tun daga gindin tsauni har sama tana salati, ta ce wanda ya yi wannan hanya bai da uwa.

Ranar Lahadi muka sa shi a mota. Hanyar tana nan yadda ka san ta, murɗe-murɗe kamar hanjin rago. Wurin ma yana nan, sai dai ya ƙara mutuwa. Ramukan da aka huda a jikin tsauni an toshe bakinsu da ƙofofin ƙarfe da suka yi tsatsa, wani sanyi na fitowa daga ciki kamar an buɗe firji. Siririn layin dogon da ake turo dutse a kai ciyawa ta cinye shi. Akwai wata kurar ƙarfe kife a gefe, itace ya tsiro ta cikinta. Ɗakunan da masu tsaga dutse ke zama sun zama kango. Mutanen da suka yi wa gari guda rufi, nasu ɗakunan babu ko ɗaya mai rufi. Ta ko'ina kuma tulin fasassun alluna ne, tsibi-tsibi, sun gangara har bakin rafi. Duk abin da aka ƙwanƙwasa aka ce bai yi ba, nan aka zubar da shi tun zamanin kakannin masu wurin.

Na yi zaton zai tsorata. Ina! Mutumin da sai na sa masa takalmi, shi ne ya saki hannuna ya nufi tulin nan. Ya tsuguna. Ya ɗauki allo ɗaya, ya share shi da hannun riga, ya riƙe da yatsu, ya ƙwanƙwasa. Ya jefar. Ya ɗauki wani. Kafin wani lokaci ya yi kashi biyu, na dama da na hagu, yana aiki yana ƙunƙuni da Faransancin shantiye da na ɗauka ya manta.

Can sai wani ya yi amo. Ni ma da ban san komai ba na ji shi, garau, kamar an taɓa kwanon tasa. Baba ya sake bugawa. Ya juya shi, ya duba bayansa, ya ɗago kai ransa a ɓace ya ce, "Wane marar kunne ne ya yar da wannan? Lafiyarsa lau!"

Wallahi Yaya, amsar ta zo mini har bakin leɓe. Na haɗiye ta don ubana ne.

Da rana ta take tsaka ya dubi sama, ya ajiye guduma, ya zauna a kan wani dutse ya ce, "A kawo." Na miƙa masa burodin da na yanka na zuba sardin da yaji, irin wanda Inna ke ƙunsa muku. Ya karya shi biyu. Ya yi bismillah. Ya ci, Yaya. Ya ci rabin nan tas, har yana tsince ɓurɓushi a rigarsa. Na zagaya bayan kurar ƙarfen nan na toshe bakina da gyale don kada ya ji kukana. Malam Isufu ya juya baya yana kallon rafi, shi ma ban tambaye shi me ya shiga idonsa ba.

Da na dawo sai na ga ya ɗauko allon nan mai amo, ya shimfiɗa, ya ɗora ɗaya rabin a kai. Ya cire hularsa ya kife saboda tsuntsaye. Na ce Baba, ci mana, akwai wani a mota. Ya ce, "A'a. Na Lawali ne. Yana sama, yanzu zai sauko."

Ka karanta da kyau. Lawali ya ce.

Kai ne ɗan fari. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunanka a bakinsa ba. "Yaron nan", "wancan", "kai". Ko a likita, ranar da ka karye a hannu kana ƙarami, sai da ya nuna wa Inna ta faɗi sunan, ita ma ta nuna ni. Ranar nan a kan tulin duwatsu ya faɗe shi sarai, ba kunya, ba ɓoyo, ya kuma ja shi a baki kamar mai jin daɗinsa. Na so a ce kunnenka ne ya ji, ba nawa ba.

Da za mu tafi ya hana a taɓa burodin. Ya hana a ɗauki hular. Haka muka dawo Lyon da Baba kai ba hula, shi da ko shara zai fitar sai ya kafa ta.

Lahadin da ta biyo muka koma. Hular tana nan, iska ta ture ta gefe, raɓa ta jiƙa ta. Burodin babu, ko dila ce ko hankaka, Allah masani. Baba ya tsaya a gaban allon ya daɗe yana kallo. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ya ci. Alhamdulillahi." Ranar har ayaba ya ƙara.

Ka ga inda muka tsaya ke nan. Ubana yana cin abinci sau ɗaya a mako, a kan juji, a bakin ramin da aka rufe, don a can ne kawai yake ganin kana kusa. Na kwaso alluna na jera masa a baranda, na ba shi guduma, na kawo burodi da tsakar rana. Ya ƙwanƙwasa biyu ya ajiye. Ya san baranda ba shantiye ba ce. A gida kwano ne, kwano kuma sai da kai.

Zuwanmu na ƙarshe ruwa ake yi. Ƙafafunsa suka kasa hawan ɗan tudun da ke tsakanin mota da tulin. Malam Isufu ya goya shi. Baba ya rufe fuska da tafin hannu don kunya, a bayan surukinsa, yana cewa a sauke shi, a sauke shi. Ya ci loma uku yana karkarwa muka juyo. Da muka waiga, kan tsaunin ya riga ya yi fari. Wata tsohuwa a ƙauyen ta ce mana da zarar ƙanƙara ta sauko, ba mai share wannan hanya sai bazara.

Baba ba zai kai bazara da shayi ba. Ba sai dokta ta faɗa mini ba, ni ke yi masa wanka.

Yanzu maganar da ake yi ita ce a kwantar da shi a likita a sa masa roba ta hanci, abinci ya riƙa bi ta nan. An gwada sau ɗaya da ya suma, ya fizge ta har jini ya fito. Sun ce in za a sake, wataƙila sai an riƙe masa hannu. Amsata suke jira. Ni kaɗai, Yaya. Ni zan ce a ɗaure hannun da ya ciyar da mu, ko ni zan ce a bar shi ya bushe a kan tabarma yana kallon ƙofa? Wannan kaya ba na mutum ɗaya ba ne. Na gaji. Ina jin tsoro. Ina jin haushinsa, ina jin haushinka, in na idar da sallah kuma in rasa wanda zan fara yi wa addu'a a cikinku.

Ba zan yi maka ƙarya ba don in jawo ka. Bai nemi gafararka ba. Ka san shi, ko da hankalinsa ba zai nema ba, balle yanzu da bai ma san an yi ba. A tunaninsa ba ka taɓa sauka daga tsanin nan ba. Wani lokaci har nakan tambayi kaina, shin kai yake jira, ko wancan saurayin mai hawa sama? Ban sani ba. Mai yiwuwa ka shigo ya gaishe ka kamar baƙo ya tura maka kwano ya ce yana jiran yaro. In haka ta faru, za mu yi kuka tare, aƙalla mu biyu ne. Amma na ga fuskarsa sa'ad da ya ɗaga allon nan daga cikin juji. Na ji yadda ya kira sunanka. Zuciyata ta ba ni in ka zauna a gabansa ka miƙa hannu cikin ruwan wanki, zai gane hannun.

Ban ce ka yafe ba. Wannan tsakaninka da Ubangijinka ne. Ban ce ka kwana ba, ban ce ka yi masa magana ba. In ma kana jin nauyin yadda rayuwa ta yi da kai a Paris, ko ba ka da aiki, ko ba ka da riga mai kyau, wallahi ba wanda zai tambaye ka. Ni na sha nono bayanka, babu abin da za ka ɓoye mini da zai sa in ƙi ka. Ka hau jirgin ƙasa ka sauka Lyon, ka shiga metro A. In ka rasa hanya ka tsaya inda kake, Malam Isufu zai zo ya ɗauke ka. Lambata ba ta canza ba, ita ce dai wadda ka sani.

Ka tuna abin da Inna ke cewa in mun yi faɗa mun ƙi cin abinci? Takan ce, "Ku ci tukuna, fushi ba ya lalacewa, tuwo ne ke lalacewa." To ka zo da fushinka, Yaya. Ka ajiye shi a bakin ƙofa tare da takalmi, in ka gama ka ɗauki abinka. Ba zan hana ka ba.

Allon nan mai amo na ɗauko shi a zuwanmu na ƙarshe. Yana kan taga a ɗakinsa. Kullum da hantsi sai ya sa in miƙo masa, ya ƙwanƙwasa da farce don guduma ta fara yi masa nauyi, ya kasa kunne, ya gyaɗa kai. Jiya ya ce mini, "Ajiye shi da kyau. Wannan sama za shi."

Allah ya sa wannan ta same ka da rai da lafiya. Allah ya tausasa zuciyarka kamar yadda ya tausasa harshen Baba a ƙarshen kwanansa. Allah ya jiƙan Inna, ya sa kada ta ga abin da muka zama a bayanta. Allah ya ara wa tsohon nan kwana har ƙafarka ta taka ƙofar nan. In kuma ya riga ya ƙaddara tafiyarsa, ya Allah, kada ka ɗauke shi da yunwa yana jiran ɗansa. Amin.

Yau ma na tuƙa tuwon masara da miyar kuɓewa busasshiya, wadda kake so. Kwanon yana gabansa a rufe, ruwan wanke hannu yana gefe. Ya ce kada in ɗauke, ka kusa.

Wassalam.

Ƙanwarka Rabi,
mai ɗumama tuwonku kullum.